NAZARI: Biyan Inshorar Rayuwa Da Kati: Idan Kuɗi Ya Maƙale A Hanya, Asarar Wa?

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Gyaran Harkar Inshora ta 2025, wadda fadar shugaban ƙasa ta sanar a farkon watan Agustan 2025, hankalin masu sharhi ya fi karkata ga batun jari. Dokar ta ɗaga mafi ƙarancin jarin kamfanin inshorar rayuwa daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 10, na sauran nau'o'in inshora daga biliyan 3 zuwa biliyan 15, na kamfanonin da ke yi wa kamfanonin inshora inshora kuwa daga biliyan 10 zuwa biliyan 35. An ba su wa'adin wata 12, wanda ke cika a watan Yulin 2026. Ta kuma tanadi asusu na musamman domin kare masu inshora idan kamfani ya durƙushe, ta yi alƙawarin kawo ƙarshen jan ƙafa wajen biyan diyya, sannan ta buɗe ƙofar mayar da cinikin inshora kan intanet.

Waɗannan duka manyan gyare-gyare ne. Sai dai akwai wani lungu da ba a cika haskawa ba, wato hanyar da kuɗin zubi ke bi daga aljihun ma'aikaci zuwa asusun kamfani. A da wakili ne ke zuwa ofis ya karɓi tsabar kuɗi ya rubuta rasit, ko kuma a yanke daga albashi tun kafin ya shigo. Yanzu kati ne ke ƙwace wannan aiki, ko dai katin cirar kuɗi da aka fi sani da katin ATM, ko katin bashi da bankuna suka fara tallata wa masu albashi. Tambayar da ya kamata kowane mai inshora ya san amsarta ita ce: idan banki ya ce ya cire, kamfani ya ce bai gani ba, mai inshorar kuma ya rasu a tsakani, wa zai ɗauki asarar?

A Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, tambayar ta shafi jama'a masu yawa. Akwai ma'aikatan Jami'ar Tarayya ta Lafiya da ta fara aiki a 2011, da na sakatariyar tarayya, da na reshen Babban Bankin Najeriya, da jami'an hukumomi irin su shige da fice, kiyaye haɗurra da tsaron farin kaya. Rayuwarsu ta riga ta koma kan kati. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya tura kowa ga na'urar POS, kuma tun watan Fabrairun 2025 ake karɓar kuɗin shinge a babbar hanyar Abuja zuwa Keffi, Akwanga, Lafiya da Makurɗi, wanda gwamnati ta tsara a riƙa biya ta na'ura. Wanda ya saba biyan kuɗin hanya da na wuta da kati ba zai ga wani abin tsoro ba idan aka ce ya biya inshorarsa haka. Bambancin kuwa babba ne. In biyan kuɗin wuta ya ƙi shiga, kwana ɗaya za a yi a duhu. In na inshorar rayuwa ya ƙi shiga, iyali na iya rasa tanadin shekaru.

Abin da ke kai ma'aikaci ga inshorar kansa

Kowane ma'aikacin tarayya yana ƙarƙashin inshorar rayuwa ta rukuni. Sashe na 4 na Dokar Fansho ta 2014 ya wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya yi wa kowane ma'aikaci inshorar da ba ta gaza ninki uku na jimillar albashinsa na shekara ba. A gwamnatin tarayya, Ofishin Shugaban Ma'aikata ne ke kula da wannan tsari, Majalisar Zartarwa kuma ke amincewa da kuɗinsa. Wannan sashe ya ƙara da wani tanadi mai muhimmanci: idan mai ɗaukar ma'aikata ya gaza biyan zubin a kan lokaci, ma'aikaci kuma ya rasu a wannan tsakanin, shi mai ɗaukar aikin ne zai biya magada. Ma'ana, sakacin biya ba ya komawa kan marayu.

Amma wannan inuwa tana rataye ne da aiki. Ranar da mutum ya yi ritaya ko ya ajiye aiki, ta yaye. Hadiman masu riƙe da muƙaman siyasa sun fi kowa sanin haka, domin wa'adinsu na ƙarewa ne tare da na maigida, ga kuma zaɓen 2027 na ƙaratowa. Shi ya sa da yawa ke neman ƙarin yarjejeniya ta ƙashin kansu, wasu domin karatun yara, wasu domin bankin da ya ba su rancen gida ya sharɗanta. Dokar haraji ma tana ƙarfafa hakan, domin sabuwar Dokar Haraji da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026 ta bar zubin inshorar rayuwa cikin abubuwan da ake cirewa daga kuɗin shigar mutum kafin a lissafa harajinsa.

A wannan yarjejeniya ta ƙashin kai, babu wani mai ɗaukar aiki da zai tsaya wa iyali idan zubi bai shiga ba. Daga mai inshora sai katinsa.

Ba zubi, ba kariya

Ginshiƙin batun shi ne ƙa'idar da Sashe na 50 na Dokar Inshora ta 2003 ya kafa, cewa karɓar kuɗin zubi sharaɗi ne kafin yarjejeniyar inshora ta inganta, kuma babu kariya sai an biya tukuna. Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta fara tilasta bin ta daga 1 ga Janairun 2013, bayan shekarun da kamfanoni suka yi suna ɗauke da tulin bashin zubi a littattafansu, har da wanda suke bin ma'aikatun gwamnati. Ƙa'idar ta tsallako cikin sabuwar dokar 2025. Tana da hujja mai ƙarfi, domin kamfanin da bai karɓi zubi ba ba shi da abin biyan diyya.

Sai dai an ƙera ta ne a zamanin tsabar kuɗi da cek, lokacin da biya da karɓa ke faruwa a teburi ɗaya. Biya da kati kuwa tafiya ce mai zango-zango. Kuɗin zai tashi daga bankin mai kati, ya bi ta kamfanin da ke da tambarin katin, kamar Verve, Mastercard, Visa ko AfriGo da aka ƙaddamar a Janairun 2023, ya ratsa kamfanin da ke sarrafa biyan, irin su Interswitch, Paystack, Flutterwave ko Remita, kafin ya sauka a bankin kamfanin inshora. Daga nan ma sai wani ma'aikaci ko wata manhaja ta haɗa kuɗin da lambar yarjejeniyar da ta dace. A kowane zango ana iya samun tangarɗa, mai inshora kuwa ba abin da ya gani sai alat ɗin cirar kuɗi a wayarsa.

Babban Bankin Najeriya ya tanadi wa'adin mayar da kuɗin da ya maƙale. Tun watan Yunin 2020 ya umarci bankuna su mayar da kuɗin cinikin da ya ƙi shiga ta POS ko intanet cikin sa'a 72. Wannan umarni yana dawo wa mutum da kuɗinsa, amma ba ya dawo masa da kariyar da ya rasa. Hasali ma dawowar kuɗin ita ce shaidar da kamfani zai riƙe cewa ba a biya shi ba.

Abin da ke tsaye tsakanin mai inshora da wannan rami shi ne kwanakin sassauci da ake rubutawa a takardar yarjejeniya, galibi kwana 30 bayan ranar biya. In suka wuce ba a biya ba, yarjejeniya ta faɗi. Farfaɗo da ita kan buƙaci biyan duk abin da aka tsallake, wani lokaci da ƙari a kai, da kuma sabuwar shaidar lafiya. Wanda ya shiga yana ɗan shekara 35 da ƙoshin lafiya, ya zo farfaɗowa yana da 48 da hawan jini, yana iya tarar da an ƙara masa farashi ko an ƙi shi gaba ɗaya. Idan kuma yarjejeniyar ta faɗi a shekarunta na farko, kafin ta tara abin da ake mayar wa mai janyewa, sau da yawa duk zubin baya ya tafi ke nan.

Dokar 2003 ta hango irin wannan matsala a wani fanni. Ta ce zubin da dillalin inshora ya karɓa ana ɗaukarsa tamkar an biya kamfanin ne, don haka in dillali ya riƙe kuɗin, rigima ce tsakaninsa da kamfani, ba ruwan mai inshora. Hankali zai karɓi cewa kamfanin sarrafa biyan kuɗi, wanda kamfanin inshora ne da kansa ya zaɓe shi ya ɗora a shafinsa, ya cancanci a yi masa irin wannan hukunci. Wanda ya aiki ɗan aike shi ke da alhakin abin da ya salwanta a hannunsa.

Izinin cira iri biyu

Yawancin masu albashi ba sa biya da hannu kowane wata. Izini suke bayarwa a riƙa cira. A nan akwai hanyoyi biyu da ke kama da juna a ido, alhali kariyarsu ta bambanta.

Ta farko ita ce izinin cira kai tsaye daga asusun banki. Babban Banki yana da ƙa'ida a kanta, wadda ya sabunta a 2018. Ta sharɗanta samun izinin mai asusu, ta ba shi damar soke izinin, ta kuma buƙaci a sanar da shi kafin a sauya adadin kuɗi ko ranar cira. Izinin yana rataye ne da asusu, don haka yana nan muddin asusun na nan.

Ta biyu ita ce ajiye bayanan kati a wurin kamfani. Mutum zai shigar da lambar katinsa sau ɗaya, ya tabbatar da lambar sirrin da aka turo masa a waya, daga nan a riƙa cira ba tare da an sake tambayarsa ba. Wannan hanya ta fi sauƙi, amma ta fi dogara ga sharuɗɗan kamfanonin kati da na mai karɓar kuɗin. Ga ta kuma da rauni na asali: kowane kati yana da ranar ƙarewa, alhali yarjejeniyar inshorar rayuwa kan kai shekara 10, 15 ko 20. A tsawon wannan lokaci kati zai ƙare sau da dama, zai ɓata, na'ura za ta haɗiye shi, ko banki ya toshe shi saboda zargin damfara. Duk lokacin da haka ta faru, cira ta tsaya shiru. Mutumin da ya shekara uku bai taɓa tuna ranar biya ba, saboda na'ura na tuna masa, shi ne mafi kusa da rashin lura cewa alat ya daina zuwa.

Sai kuma batun ranar albashi. Ma'aikatan tarayya sun san cewa albashi ba ya da tsayayyar rana. Idan kamfani ya sa ranar cira 25 ga wata, albashi kuma ya shigo 2 ga wata mai zuwa, cirar za ta tarar da asusu fayau. Wasu kamfanoni na sake gwadawa, wasu ba sa yi. Ma'aikatan jami'o'i, har da na Lafiya, sun ga wani sauyin bayan da Majalisar Zartarwa ta amince a Disamban 2023 a cire manyan makarantu daga tsarin albashi na IPPIS. Duk lokacin da aka sauya hanyar biyan albashi, abubuwan da ake yankewa daga tushe na iya rikicewa, kuma irin wannan yanayi ne ke tura mutane ga biya da kati.

Akwai hanya ta uku da ta fi duka haɗari, ita ce biya ta hannun mai POS na bakin hanya, irin waɗanda suka cika Hanyar Jos da Hanyar Shendam. Mutum zai miƙa kati ko tsabar kuɗi, mai POS ya tura zuwa asusun da wakili ya bayar. Takardar da za ta fito ba ta ɗauke da lambar yarjejeniya, wani lokaci ma sunan mai turawa na mai POS ne. Ranar da magada za su nemi haƙƙi, wannan 'yar takarda, in ma ba ta koɗe ba, ba za ta yi musu shaida sosai ba.

Cin bashi domin biyan inshora

Katin bashi bai yaɗu a Najeriya ba tukuna. Binciken Bankin Duniya na 2017 da na 2021 sun nuna cewa masu shi ba su kai kashi 3 cikin 100 na manya ba. Amma manufar gwamnati ita ce ta faɗaɗa cin bashin masarufi. A Afrilun 2024 aka ƙaddamar da hukumar CREDICORP, kuma ma'aikatan gwamnati ne aka sa a sahun farko na masu cin gajiya. Bankuna ma sun fi son mai albashin gwamnati, saboda kuɗinsa tabbas ne. Don haka ma'aikacin tarayya shi ne wanda za a fara miƙa wa katin bashi, shi ne kuma wanda za a fara ce wa ya biya inshorarsa da shi.

Katin bashi yana da fa'ida ɗaya ta gaske a nan: yana cike giɓin da jinkirin albashi ke haifarwa. Idan aka cira ranar 25, albashi ya shigo bayan mako guda, mutum ya biya katin gaba ɗaya cikin kwanakin da ba a ɗora ruwa, yarjejeniyarsa ta tsira ba tare da ya yi asarar komai ba.

Matsalar na farawa ne idan bai biya duka ba. Kuɗin ruwa na Babban Banki ya kai kashi 27.5 cikin 100 a Nuwamban 2024, aka rage shi zuwa 27 a Satumban 2025, kuma bashin da ba shi da jingina ya fi haka tsada. A ɗauka, a matsayin misali kawai, zubin shekara naira 120,000 ne, ruwan katin kuma kashi 3 cikin 100 a wata. Wanda ya raba biyan daidai-wa-daida a wata 12 zai biya kimanin naira 144,700. Wanda ya bar bashin ya shekara bai taɓa shi ba zai tarar da kimanin naira 171,000. Idan yarjejeniyar irin ta tanadi ce, wadda ake sa ran ta haifar da riba a ƙarshe, da wuya ribar ta kamo wannan ruwa. An yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago.

Bashin kuma ba ya faɗuwa tare da yarjejeniya. Mutum na iya rasa inshorar, a ci gaba da binsa kuɗin da ya biya ta da shi. Tun 1 ga Agustan 2020 Babban Banki ya ba bankuna damar amfani da tsarin GSI, wanda ke bari a bi lambar BVN ta wanda ya gaza biyan rance a ciro kuɗin daga asusunsa na wasu bankuna, muddin ya sa hannu a kan wannan sharaɗi lokacin karɓar rancen.

Ga Musulmi da yawa akwai wani tarnaƙin na daban. Wanda ya zaɓi takaful domin guje wa riba, tsarin da NAICOM ta fitar wa ƙa'idoji a 2013 kuma kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful ke gudanarwa, in ya biya gudunmawarsa da katin da ke ɗora ruwa, ya dawo da abin da ya guje wa ta ƙofar baya. Wannan kaɗai ya isa a wajabta wa kamfanoni su bar wa mutane zaɓin hanyar biya fiye da ɗaya.

Ƙofofi huɗu, mai kuka ɗaya

Idan rigima ta tashi, mai inshora zai tarar da cewa hukumomin da ke da hannu a lamarinsa sun kai huɗu. NAICOM, ƙarƙashin Kwamishinan Inshora Olusegun Omosehin, ita ke da iko a kan kamfanin inshora, kuma tana da sashen karɓar koke. Babban Banki ke da iko a kan banki da kamfanin sarrafa biyan kuɗi, a ƙarƙashin Ƙa'idojin Kare Masu Hulɗa na 2019. Tsarinsa shi ne a fara kai kuka banki, in an yi mako biyu ba a warware ba, a ɗaukaka zuwa sashensa na kare masu hulɗa. Hukumar FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, ke kula da haƙƙin mai saye gaba ɗaya, kuma a 2025 ta fitar da ƙa'idoji kan masu ba da rance ta manhajar waya. Hukumar kare bayanan jama'a, da dokar 2023 ta kafa, ita ke da hurumi idan aka yi wasa da bayanan katin da aka ajiye.

Kowace tana da ƙa'idar da ta rufe nata ɓangaren. Matsalar biyan zubi da kati kuwa a kan iyaka take zaune. Banki zai nuna cewa ya mayar da kuɗi cikin wa'adi, ya fita. Kamfanin inshora zai nuna cewa zubi bai shigo ba, ya fita. Kowa ya bi doka, magada kuma sun tashi a tutar babu. Ga wadda mijinta ya rasu a Lafiya, reshen Babban Banki na nan cikin gari, amma hedikwatar NAICOM na Abuja, tafiyar kimanin kilomita 180, kuma sai ta fara gano wace ƙofa ce tata.

Tarihin baya-bayan nan ya nuna dalilin da ya sa cirar da ba ta tsayawa da kanta ke buƙatar sa ido. A Yunin 2022 NAICOM ta soke lasisin Niger Insurance da Standard Alliance, a Oktoban 2024 kuma ta rushe hukumar gudanarwar African Alliance ta naɗa ta riƙo. Yanzu da wa'adin ƙarin jari ke matsa wa kamfanoni, ana sa ran wasu za su haɗe, wasu a saye su. Mai izinin cira yana da haƙƙin sanin asusun wa kuɗinsa ke shiga bayan irin wannan sauyi.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Indiya ce ta fi kusa da halin Najeriya. Tun Oktoban 2021 babban bankinta ya wajabta a aika wa mai kati sanarwa aƙalla sa'a 24 kafin kowace cira mai maimaituwa, tare da damar dakatar da ita. A Disamban 2023 ya ɗaga iyakar abin da za a iya cira na zubin inshora ba tare da sake neman tabbaci ba zuwa rufi 100,000, domin kada tsauraran matakan tsaro su riƙa kashe yarjejeniyoyi. Hukumar inshorar ƙasar ta ƙayyade kwanakin sassauci, 15 ga mai biyan wata-wata, 30 ga sauran, kuma a Mayun 2023 ta hana biyan rancen da aka ci a kan yarjejeniyar inshora da katin bashi, don kada a riƙa biyan bashi mai sauƙi da mai tsada.

A Birtaniya, Sashe na 75 na dokar bashin masarufi ta 1974 ya ɗora wa bankin da ya ba da katin bashi alhaki tare da mai sayarwa, a cinikin da ya haura fam 100 har zuwa fam 30,000. Tun Janairun 2018 an haramta ɗora wa mai saye ƙarin kuɗi don ya biya da kati, kuma mai inshorar rayuwa na da kwana 30 na sake tunani bayan ƙulla yarjejeniya. A Amurka, dokar 1974 ta ba mai katin bashi kwana 60 ya ƙalubalanci kuskure a lissafinsa, ko da yake kamfanonin inshorar rayuwa da dama a can ba sa karɓar katin bashi a zubi mai maimaituwa.

Abin da ya rage a rubuta

Kamfanoni ma suna da nasu uzurin, kuma ya kamata a saurare shi. Kowane biya ta intanet akwai kason da masu sarrafawa ke yanka, sau da yawa wajen kashi 1.5 cikin 100. Akwai masu biya da katin sata, da masu biya su dawo su musanta. Akwai kuma masu neman wanke kuɗin haram ta hanyar biyan zubi mai yawa, su soke, su nemi a mayar musu ta wani asusu. Kati kuma ya magance tsohuwar cutar wakilan da ke karɓar tsabar kuɗi su yi gaba da shi. Don haka hana biya da kati ba mafita ba ce a ƙasar da inshora ba ta kai kashi 1 cikin 100 na tattalin arzikinta ba.

Abin da ake buƙata shi ne ƙa'ida guda da NAICOM da Babban Banki za su sa wa hannu tare, yanzu da ake fitar da ƙa'idojin aiwatar da sabuwar doka. Ta fayyace cewa da zarar an cire kuɗi ta hanyar da kamfani ya amince da ita, an biya zubi, ko da kuɗin ya kwana a hanya. Ta wajabta sanarwa kafin cira, da wata sanarwar nan take idan cira ta ƙi, ta saƙon waya kuma cikin harshen da mai inshora ya zaɓa, har da Hausa. Kada kwanakin sassauci su fara ƙirguwa sai an aika wannan sanarwa. A ba mai inshora damar sa sunan mutum na biyu da za a sanar kafin yarjejeniya ta faɗi. A hana ɗora masa kuɗin sarrafawa a ɓoye, a mayar da duk wani kuɗi ta katin da ya fito, a kuma gaya wa mai biya da katin bashi, kafin ya danna, cewa ruwa na iya hawa. Daga ƙarshe a samar da ƙofar koke ɗaya, hukumomi su raba aikin a tsakaninsu.

Kafin a kai can, nauyin yana kan ma'aikaci. Ya karanta takardarsa ya san kwanakin sassaucinsa. Ya fifita izinin cira daga asusu a kan ajiye kati, ya kuma nemi a sa ranar cira bayan lokacin da albashi ya saba shigowa. Ya biya cikin asusun da ke ɗauke da sunan kamfani kaɗai, ya karɓi rasit mai lambar yarjejeniya, domin alat ɗin banki shaidar fitar kuɗi ce kawai, rasit kuma zai yi masa amfani wajen rangwamen haraji. Duk ranar da ya karɓi sabon kati, ya sanar da kamfani a ranar. Ya nemi bayanin zubinsa a rubuce sau ɗaya a shekara. Sannan iyalinsa su san sunan kamfanin da inda takardun suke.

Inshorar rayuwa ciniki ce da wanda ya ƙulla ta ba ya nan ranar da za a buƙaci shaida. Waɗanda za su tsaya gaban kamfani ba su san lambar sirrin wayarsa ba, ba su san wane kati ya yi amfani da shi shekara biyar da suka wuce ba. Majalisa ta riga ta amince, a dokar fansho, cewa jinkirin biyan zubi bai kamata ya faɗa kan magada ba. Abin da ke gaban NAICOM da Babban Banki shi ne su shimfiɗa wannan adalcin ga ma'aikacin da ya biya daga aljihunsa, na'ura ta saɓa masa.